Ɗan aiken da ba ya barci: wa ya aiko shi?

Duk wanda ya taɓa shiga babban zaure a Telegram ya san yadda abin yake. Kafin ya gama sallama, sai ga saƙon maraba ɗauke da sunansa da dokokin zauren, wani lokaci har da ɗan lissafin da zai amsa kafin a bar shi ya yi magana. Ko ƙarfe uku na dare ne, mai marabar yana nan daram. Wannan shi ne bot: ƙaramar manhaja da aka raɗa wa suna, aka ba ta gurbi a zauren hira kamar kowane mamba, aka ɗora mata aikin da za ta riƙa yi ba sai an tsaya a kanta ba.

Babu tsafi a lamarin. Bot yana zaune ne a kwamfutar da mai shi ya tanada. Idan aka aiko saƙo, dandalin hirar ya miƙa masa, shi kuma ya duba umarnin da aka rubuta masa ya aikata: in baƙo ya shigo, gaishe shi, in an yi zagi, goge, in wani ya cika zaure da talla, nuna masa ƙofa. A Telegram, wanda ya buɗe wa bot-bot hanya a 2015, ana yi wa sabo rajista ne wurin wani bot mai suna BotFather. A zaɓi suna mai ƙarewa da “bot”, a karɓi wata doguwar lambar sirri. Duk wanda ke riƙe da wannan lamba, shi ke magana da bakin bot ɗin.

Gadi na cikin ayyukan bot na farko. A dandalin IRC, wanda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988, zaure kan ɓace idan kowa ya fita, kuma wanda ya riga kowa dawowa shi ne sarki. Hakan ya haifar da ƙwacen zauruka. A 1993 Robey Pointer ya rubuta Eggdrop, bot ɗin da ke kwana a zaure yana riƙe wa masu shi sarautarsu, yana korar masu fitina.

Amma tun kafin nan an gano wani rauni na ɗan Adam. A 1966, a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum ya haɗa manhajar ELIZA, wadda yawancin dabararta shi ne ta juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Duk da haka, sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta tattauna da ita a asirce. Idan wannan 'yar dabara ta sa mutum ya saki jiki, ina ga ChatGPT da Meta AI, da ke tsara zance kamar masu hankali?

Jaridar nan ba ta ƙin bot. Tun 2018 bankin UBA ya fito da Leo, wanda ke duba wa mutum kuɗin asusunsa ya kuma tura masa su ta hira. A watan Maris na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da bot a WhatsApp wajen amsa tambayoyi kan korona. Mai nisa da banki ko asibiti ya san darajar wannan.

Sai dai 2024 ta nuna ɗaya fuskar. A shekarar ce matasan arewacin Najeriya suka duƙufa dangwalen waya a Notcoin da Hamster Kombat, wasannin da duk ta ƙofar bot ake shigarsu. Masu Hamster Kombat sun yi iƙirarin samun 'yan wasa miliyan 300, amma da aka yi rabon kuɗin kirifto a watan Satumba, da yawa sun tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. A gefe kuma 'yan damfara suka baza bot-bot na bogi masu neman kalmomin sirrin asusun kirifto. Wanda ya bayar, ya yi sallama da dukiyarsa.

Akwai kuma abin da shugabannin zauruka ba sa lura da shi. A tsarin Telegram na asali, bot ba ya ganin duk hirar zaure sai abin da ya shafe shi. Da zarar an naɗa shi cikin masu gudanarwa, komai yana wucewa ta gabansa, daga nan zuwa kwamfutar wani da ba a sani ba.

Matsayin jaridar nan shi ne, bot ɗan aike ne, kuma alhakin aike yana wuyan wanda ya aika. Kamfanin jiragen Air Canada ya so ya zame, bayan bot ɗinsa ya ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin zuwa jana'iza. Kamfanin ya ce bot ɗin ne ke da alhakin maganarsa. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia ta yi watsi da wannan hujja, ta ce a biya mutumin. A jihar California kuwa, tun 2019 doka ta hana bot ya ɓoye kamanninsa don ya sayar da kaya ko ya karkata ƙuri'a.

Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ya kamata wannan hukuma da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA su wajabta wa duk bot da ke hulɗa da jama'a ya faɗi tun a saƙon farko cewa shi na'ura ne, ya bayyana mai shi, ya kuma nuna yadda za a kai ga mutum idan magana ta cije. Bankuna su wallafa sahihan lambobin bot ɗinsu da Hausa, a gidajen rediyo da rassansu. Shugaban zauren makaranta, na kasuwa ko na 'yan uwa kuwa, kafin ya ba wani bot muƙami, ya binciki wanda ya rubuta shi, ya kuma sanar da mambobi cewa an shigo da shi.