BAƘON LACCA KO BAƘON AMBULAN?

Da farko ina neman afuwa idan alƙalamina ya yi tuntuɓe, domin Hausa ba ita na sha a nono ba. A kasuwa da makaranta na tsince ta, har Allah ya sa yau ita nake nazari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da ƙungiyoyinmu na tattauna harkokin siyasa suka shiga, musamman yadda muke zaɓen baƙin da za su yi mana lacca.

Na riƙe muƙamin sakataren irin wannan ƙungiya tsawon shekara guda, saboda haka ganau ne ni ba jiyau ba. Duk lokacin da shugabanni suka zauna shirya lacca, tambayar farko ita ce, "Wa zai ba da abu mai kauri?" Batun da za a tattauna kuwa sai daga baya ake nemo shi. Da an tsayar da suna, sai a miƙa wa sakatare takardar gayyata ya nufi unguwar GRA. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan wani babban mutum, maigadi yana nuna mini benci, sai a karo na huɗu na samu ganinsa.

Ranar lacca an sa ƙarfe goma na safe, bai iso ba sai dab da azahar, da 'yan rakiya har da maroƙi. Ya karanta takardar Turanci ta minti ashirin, wadda daga ji ka san wani ne ya rubuta masa. Da aka zo tambayoyi, sai shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure. Akwai wata ɗaliba da ta kwana tana shirya tambaya a kan firamaren ƙauyensu da iska ta yaye wa rufi. Haka ta koma da takardarta a jaka. Muka ba shi lambar yabo, ya ba mu ambulan, bayan kwana biyu rigimar rabo ta ɓarke. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na karɓi kasona, kuma har yau ina jin kunyar haɗa ido da wannan baiwar Allah.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A nan garin Bauchi, a shekarar 1943, aka kafa wata majalisar taɗi, inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa suke zama ana muhawara. Cikinta akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda yake koyarwa a Makarantar Midil, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sun yi jayayya a kan mulkin da Turawa suke yi ta hannun sarakuna, har wata rana Malam Aminu ya tambayi yadda ake yanke albashin sarki. Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa aka rufe majalisar. To amma ina mutanenta suka kai? Malam Aminu ya zama jagoran jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, Tafawa Ɓalewa kuma ya zama firayim minista a 1957. Su saboda tambaya aka rufe tasu majalisar, mu kuwa da hannunmu muke rufe ƙofar tambaya.

Haka abin yake a wasu wurare. A watan Mayun 1964 Malcolm X ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, a watan Disamba kuma ya shiga muhawara a ƙungiyar ɗaliban Oxford da ke Ingila. Shi ba minista ba ne, ba gwamna ba ne. Abin da ke bakinsa aka je saurara.

Na san wasu za su ce, "Malam, da me za a biya hayar kujeru da lasifika da man janareta?" Gaskiya ne, taro ba ya yiwuwa da fatar baki. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara mutum arba'in a ƙaramin aji suna tambaya suna samun amsa, da mutum ɗari huɗu a babban zaure suna tafi kawai.

Don haka ga shawarwarina. Na farko, a fara zaɓen batu kafin a zaɓi baƙo. Idan maganar kasafin kuɗi ce, tsohon ma'ajin ƙaramar hukuma ya fi mai neman takara amfani a gare mu. Na biyu, a rubuta a takardar gayyata cewa rabin lokacin na tambayoyi ne, wanda bai yarda ba ya sha zamansa. Na uku, idan za a kira ɗan siyasa, a kira abokin hamayyarsa su zauna teburi ɗaya. Na huɗu, a riƙe ƙungiya da kuɗin da mambobi suke biya, a kuma liƙa lissafin shige da fice a allon sanarwa. Na biyar, a riƙa yin laccar da Hausa. Da Hausa ake neman ƙuri'ar iyayenmu, don me za a koma Turanci ranar ba da bahasi? Wannan aikinmu ne mu ɗaliban harshe, mu ɗauki jawabin a faifai, mu rubuta shi, mu adana, mu kuma tace kalmomin siyasa da ke ciki.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta dokokin jiha daga 30 zuwa 25. Ke nan wasunmu sun isa takara tun yanzu. Wanda ya koyi rabon ambulan a makaranta, me ake zaton zai yi da baitulmali gobe? Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace, amin.