An Hana Yanka Jaki Don Fatarsa, Saura Mu Da Ke Ɗora Masa Kaya

A watan Fabrairun 2024 ne shugabannin ƙasashen Afirka, a taronsu na birnin Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin cinikin fatarsu a duk faɗin nahiyar. Kamaru da Najeriya da Cadi duk suna cikin wannan ƙungiya, saboda haka maganar ta shafi kowane ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Mubi, ko Figil da Lere, ko Kusiri da Njamena. Sai dai labarin ya zo ya wuce a rediyo kamar sauran labarai, kuma yawancinmu ba mu tsaya muka duba me yake nufi ga aljihunmu ba. Ga shi kuwa shawarar da aka yanke a Addis Ababa ba za ta iya shayar da jakin da aka ɗaure cikin rana a bakin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ba. Wannan aikin namu ne.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ya jawo har shugabannin ƙasashe suka zauna a kan maganar jaki. A ƙasar Sin akwai wani maganin gargajiya da ake kira ejiao, wanda ake samu ta hanyar dafa fatar jaki har ta narke ta zama danƙo, masu amfani da shi kuma suna ganin yana ƙara jini da gyara jiki. Da jama'ar ƙasar suka yi arziki, sai masu sayensa suka ƙaru, jakunan ƙasar kuma suka ragu daga wajen miliyan 11 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 2021. Daga nan masu masana'antar suka juyo Afirka, inda mafi yawan jakunan duniya suke. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta ƙasar Ingila, mai kula da lafiyar jakuna, ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 a kowace shekara domin wannan magani.

Maƙwabtanmu sun riga mu jin zafin abin. A Nijar, hukuma ta ce an fitar da jakuna wajen 80,000 a 2016 tun shekarar ba ta ƙare ba, alhali a 2015 gaba ɗaya 27,000 aka fitar. Kuɗin jaki ya ninka har talaka ya kasa saye, gwamnati kuma ta hana fitar da su a wannan shekarar. Burkina Faso ma ta yi haka a 2016, bayan an yanka wajen 45,000 cikin wata shida. A Najeriya kuwa, sanannen abu ne cewa ana loda jakuna a manyan motoci daga kasuwannin Arewa irin su Maigatari zuwa Ezzamgbo a Jihar Ebonyi, inda ake yanka su, kuma jami'an kwastan sun sha kama fatu da ake shirin fitarwa waje. Duk wanda ya san iyakarmu ya san idan kaya ya yi tsada a ƙetare, ba ya rasa hanyar da zai bi ya tsallaka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa wannan ciniki ya fi na shanu ko awaki hatsari shi ne jaki ba ya yaɗuwa da sauri. Jaka tana ɗaukar ciki wajen wata 12, ta haifi ɗa guda, shi kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya isa ɗaukar kaya sosai. Abin da mota ɗaya za ta kwashe a dare ɗaya, ƙauye zai yi shekaru bai mayar da shi ba. Bugu da ƙari, daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 an yi annobar murar dawaki da jakuna wadda ta kashe fiye da 66,000 a ƙasashen wannan yanki, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya. Garken da bai gama farfaɗowa daga wannan ba, shi ne masu neman fata suke zagayawa.

To, me jaki yake yi mana a nan Arewacin Kamaru? Shi ke kawo masara da gyaɗa da dawa daga ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Shi ke ɗebo wa mata ruwa da itace. A yankin auduga, inda kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa ya daɗe yana ƙarfafa noma da dabbobi, ƙaramin manomin da ba shi da halin sayen shanun huɗa da jaki yake jan garma. Sannan ga maganar mai. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa-zuwan da aka saba samu da araha ya yi tsada, gwamnatin Kamaru ma ta ƙara kuɗin lita a 2023 da kuma 2024. Duk lokacin da mai ya hau, kuɗin dako a babur da mai ƙafa uku yana hawa, jaki kuwa da harawa da dusa yake tafiya. Ranar da ya yi ƙaranci, ɗan kasuwa ne zai fara ganin haka a farashin buhu.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Mai sayen fata ba ruwansa da lafiyar jaki. Gurgu da mai gyambo da tsoho da wanda ya kwana uku bai sha ruwa ba, duk fatarsu ɗaya ce a wurinsa. Saboda haka jakin da ya fi saurin faɗawa hannunsa shi ne wanda aka wulaƙanta har ya daina amfani: an yi masa lodi fiye da kima, bayansa ya tsage, an ci gaba da ɗora akumari a kan miki, ya rame, mai shi ya gaji ya sayar da shi a kan ko nawa aka taya. Wani ma ba ya sayarwa, sai ya kwance shi ya kora. Irin waɗannan ne muke gani suna yawo a juji suna cin leda, ko a gefen babban titin Garwa zuwa Marwa inda manyan motoci ke bankewa, ko kuma a wayi gari ɓarawo ya kora su. Sakaci ne ke ciyar da wannan ciniki. Idan muka zauna muna zagin mutanen Sin kawai, mun bar jaki muna dukan taiki.

Abu na farko da kowa zai iya gyarawa shi ne lodi. Likitocin dabbobi suna cewa kada kayan da ke bayan jaki ya wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Jakinmu na nan ƙarami ne, wato abin da ya dace da shi bai wuce nauyin buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ba, a raba shi daidai a mangala kada ya rinjayi gefe guda. Wanda ya ɗora masa buhun masara mai kilo 100, har yaro ya hau a kai, ya ci ribar sawu ɗaya ya rage wa dabbarsa shekaru. In amalanke ne, a duba iskar taya, a daidaita kayan a kan ƙafafun, kada nauyin ya koma kan bayansa. Mu masu ba da dako muna da ta cewa a nan, domin wanda ke biyan kuɗi shi ke iya cewa a raba kayan sawu biyu.

Na biyu shi ne ruwa da inuwa. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce maki 40, jakin da ke aiki a irin wannan lokaci kuma yana buƙatar wajen lita 20 a rana. Rabin duro da aka yanka aka ajiye a inda ake ɗaure dabbobi, da rumfar zana guda, ba su fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Idan an iso kasuwa a sauke masa kaya da akumari, bayansa ya sha iska, maimakon a bar shi tsaye da lodi har a gama ciniki.

Na uku shi ne miki. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ya kuka ko birgima sai abin ya yi nisa. In ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi, ya ƙi cin abinci, to ba taurin kai ba ne, kuma sanda ba za ta warkar da shi ba. Zuba baƙin man inji ko ruwan batir a kan miki yana ƙona nama ne, lalas da ƙarfe mai zafi kuma yana buɗe ƙofa ga ciwon da ke sandarar da jiki. Abin da ya dace shi ne a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a kare shi daga ƙuda, a huta da ɗora kaya har ya warke. A yi akumari da buhun algarara ko tsumman auduga mai laushi, a guji buhun leda da ke goge fata, a daina dabaibayi da waya ko siririyar igiyar roba. A riƙa duba kofato ana cire tsakuwa da ƙusa. In ciwo ya fi ƙarfin gida, akwai malaman dabbobi na ma'aikatar kiwo a garuruwanmu, kuma kada mu manta babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, a nan Bokle yake kusa da Garwa tun 1983. Wanda ke kai saniyarsa rigakafi bai kamata ya ji kunyar tambaya a kan jakinsa ba.

Na huɗu shi ne leda. Tun 2014 dokar hana siririyar leda ta fara aiki a Kamaru, amma kowa ya ga yadda filin kasuwa yake bayan an tashi. Ledar da dabba ta haɗiye ba ta narkewa, tana toshe hanji ne har ta kashe jaki ko akuya ko saniya. Mai tebur da ya tattara ledar gabansa kafin ya tafi ya ceci dabbar da bai san mai ita ba.

Na biyar ya rataya ne a wuyan dillalai da shugabannin kara. Dillali ya san bambancin manomin da ya zo neman jaki ɗaya yana duba haƙora da ƙafafu, da baƙon da ke sayen goma ko ashirin bai duba ko ɗaya ba. La'adar yini ɗaya ba ta kai asarar da gari zai yi ba. Ya kamata a riƙa tambayar asalin duk jakin da aka kawo, a rubuta mai sayarwa da shaidarsa, kada a sayar da jaka mai ciki ga wanda ba kiwo zai yi ba, kuma in an ga ana tara jakuna a daji ko ana kora su da dare, a sanar da mai unguwa ko lawan ko jandarma. Jakin da aka tsinta yana yawo a kai shi wurin mai gari a yi cigiya a masallaci da rediyo. In ba a sami mai shi ba, hukuma ta damƙa shi ga wanda zai riƙe shi da amana, kamar gwauruwar da ke sayen ruwa kullum.

Wani zai ce, mutumin da bai ƙoshi ba ina ya ga ta jaki? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai zargi magidancin da ya sayar da dabbarsa don ya kai ɗansa asibiti. Amma a duba abubuwan da muka lissafa: rage lodi, sauke kaya, ruwa, gishiri, tsumma. Kusan duk ba su cin kuɗi, talaka kuma shi ne ya fi kowa asara idan jakinsa ya mutu, domin ba shi da na sayen wani. Inda ake buƙatar kuɗi, kamar maganin tsutsar ciki ko kiran malamin dabbobi, masu amalanke za su iya yin asusu irin adashin da suka saba.

Addininmu ma bai bar wannan magana ba. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, an kuma gafarta wa wani mutum saboda kare da ya shayar, sannan Manzon Allah (SAW) ya yi hani mai tsanani ga yi wa jaki lalas a fuska. Malaman fiƙihu sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita. Muna roƙon limamai su riƙa tunatarwa, sarakunanmu kuma su sa baki, domin maganarsu tana isa inda takardar hukuma ba ta isa.

Shugabanni sun yi nasu a Addis Ababa, ya rage wa gwamnatoci su sa ido a kan iyakoki da mayanka. Amma kafin jami'in duwan ya ga jaki, ya riga ya bi ta hannun mai shi, da mai ba da dako, da dillali, wato ta hannunmu. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin a fara ciniki, kowa ya ɗaga akumarin jakin da ya kawo masa kaya ya duba abin da ke ƙarƙashi. Allah Ya sa mu dace.