An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Wasannin Makarantu

Washegarin duk wani wasan ƙwallo tsakanin makarantun sakandare, hukunci ɗaya ake yankewa a teburan masu shayi na New Bell da rumfunan teloli na Marché Congo: alƙalin wasa ya sayar da mu. Koci ya faɗa, iyaye su ɗauka, yara su haddace. Wannan ra'ayi ya kafu a Duwala har ba a neman hujjarsa, alhali yana rufe mana ido ga babbar ɓarnar. Zaluncin da ya fi cutar da yaranmu a teburin rajista ake ƙulla shi, tun kafin a busa usur, kuma mai horarwa ne ke miƙa jerin sunayen.

Ga shaida a gida. Gab da gasar yankin Afirka ta Tsakiya (UNIFFAC) ta Janairun 2023, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FECAFOOT, ƙarƙashin Samuel Eto'o, wanda ya tashi a New Bell ɗin nan, ta sa aka yi wa tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI. Cikin 'yan wasa 30, an sallami 21. Babu alƙalin wasa ko ɗaya da ya rubuta wa yaran nan shekaru. Irin wannan ɗabi'a kuwa daga ƙasa ake koyonta. Wasannin makarantu na FENASSCO an raba su rukuni-rukuni bisa shekaru ne domin yaro ya kara da tsaransa. Ranar da aka tsayar da ƙato mai gemu gaban ɗan shekara 14, an gama wasan, ko da mai usur waliyyi ne. Yaron da aka ture gefe ya rasa gurbinsa, wanda aka saka ya koyi cewa ƙarya na kawo kofi.

Za a ce ai alƙalai ma suna kuskure, wasu har suna karɓar na goro. Haka ne, kuma duk wanda aka kama ya cancanci a kore shi. Amma ƙorafi yana da hanyarsa: a rubuta, a kai wa kwamitin gasa. Dokar ƙwallo ta 5 ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe, kuma tun 2019 yana da ikon ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati. Malamin da ya kutsa fili yana zagi a gaban ɗalibansa ya rushe tarbiyyar da aka ba shi amana. Za a kuma ce yara da yawa ba su da takardar haihuwa, don haka koci ba shi da laifi. Matsalar gaskiya ce, sai dai rajistar makaranta na nuna shekarar da yaro ya shiga da ajin da yake, kuma shugaban makaranta ya san ɗalibansa.

Adalci a wasannin makarantu yana buƙatar tsari. A tantance takardu a gaban kociyoyin biyu kafin a take ƙwallo. Kuɗin alƙali ya fito daga masu shirya gasa, kada ya bi ta hannun makarantar da ke karɓar baƙi. Idan aka gano cogen shekaru, hukunci ya hau kan koci da shugaban da suka sa hannu, ba yaron da aka yi amfani da shi ba. Iyayen New Bell su fara tambayar kocinsu shekarun 'yan wasansa kafin su tambayi alƙali dalilin fenariti.