A Gyara Dokar Inshorar Lafiya, Kada a Soke Ta

Mun ji waɗansu malaman makaranta da na ofis a nan Tudun Wada suna gunaguni a kan kuɗin inshorar lafiya. Cewa su ke yi, in mutum ya kai iyalinsa asibiti da katinsa, sau da yawa sai a rubuta masa magani a ce ya tafi kemis ya saya. Har waɗansu na cewa gara a soke abin ɗungum, kowa ya ji da kansa.

Kukan nan nasu yana bisa hanya, amma shawarar ba mu yarda da ita ba.

A tuna yadda aka faro. Cikin 1999 aka yi dokar NHIS, ba ta fara aiki ba sai 2005, shekarar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika. Shiga ba tilas ba ce, saboda haka galibi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka amfana. Ko mutum ɗaya cikin goma na jama'ar Nijeriya ba ta rufe ba. Manomi da mai tireda da direba ko labarinta ba su ji ba. Cikin Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta soke ta 1999, ta mai da inshora tilas a kan kowa, ta kuma ware asusu domin masu rauni. Watau ba a rushe tsohon ɗaki ba sai da aka tanadi sabo. Ita ma Jihar Kaduna ta yi tata doka cikin 2018, ta kafa hukumar KADCHMA.

Amurka, da duk arzikinta, ta sha wannan gardama. Cikin 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo. Shekara bakwai 'yan jam'iyyar Republican suna rantsuwa za su soke ta. Da aka zo ƙuri'a a Majalisar Dattawa cikin Yuli 2017, sai uku daga cikinsu, har da John McCain, suka ƙi, aka tashi 51 da 49. Abin da ya kā da masu sokewa, ba su daidaita a kan abin da zai maye gurbinta ba.

To, mu ma tambayar ke nan. In an soke, ranar da haihuwa ta zo wa matar malamin firamare da gardama, aka ce sai an yi mata aiki, ina zai dosa? Ya sayar da babur, ko ya bi dangi da ƙoƙon bara. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun majinyata ya ke fita, wannan kuwa shi ne ciwon da ake son warkarwa.

Abin da ya kamata, ƙungiyar malamai ta NUT da sauran ƙungiyoyin ma'aikata su nemi hukuma ta riƙa buga lissafin abin da ta tara da abin da ta biya kowane asibiti. Wanda aka tura kemis kuwa ya adana takardar, ya kai ƙara a rubuce, da kwanan wata.