Gidan Gado a Samaru da Sabon Gari: Me Mai Saye Yake Dubawa?

Yau maganar sayar da gidajen gado nake so mu taɓa, musamman a nan ɓangarenmu na Samaru da Sabon Gari, don abin ya fara yawa. Duk wanda ke cikin zaurukan dillalai na WhatsApp ya san abin da nake faɗa. Sai a turo hoton wani tsohon gida an wanke masa fuska da sabon fenti, a ƙasa an rubuta wai na magada ne, kuɗi ake nema da gaggawa. Bayan wata shida ka sake cin karo da hoton nan dai. Fentin ya fara ɓarewa, ba wanda ya taya, 'yan'uwa kuma sun fara daina gaisawa.

Ni a ganina matsalar daga wuri ɗaya take tasowa: abin da magada suke sayarwa daban, abin da mai saye ya zo nema daban. Su suna ganin zauren da Baba ya yi shekara arba'in yana karɓar baƙi, da ɗakin da aka haife su, da bishiyar mangwaron da Inna ta shuka. Shi kuwa da ya shigo, ƙafa yake ƙirgawa. Nawa ne tsawo, nawa ne faɗi, mota za ta shigo layin ko ba za ta shigo ba, ina takarda, su wa za su sa hannu. Ko sisi ba zai biya don tarihin gidan ba, kuma ban ga laifinsa ba, ai ba a can aka yanke masa cibi ba.

Mu tuna yadda aka yi gidajen nan tukuna. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, tun da layin dogo ya iso Zariya wajen 1911. Turawa suka yanka filaye layi-layi, aka zaunar da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Yarbawa da Inyamurai da Nufawa da Hausawan da suka zo ci-rani. Har yau sunan wani kamfanin Turawa ne a kan unguwar PZ. Shi ya sa da yawan tsofaffin gidajen Sabon Gari ginin haya ne tun asali: dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, banɗaki ɗaya da madafi ɗaya a can ƙurya. Samaru kuma gonar binciken noma da aka buɗe a 1922 ce ta fara tara mata mutane, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta. Lebura da masinja da direba da mai gadi, kowa ya samu ɗan fili ya ɗora ginin ƙasa, in albashi ya shigo ya yi filasta, in an yi sabuwar amarya ya ƙara ɗaki. Gidajen da suka yi wa zamaninsu daidai ne, suka rufa wa iyayenmu asiri. Amma wanda ke riƙe da kuɗi a yau ba irinsu yake mafarki ba.

Kalli masu sayen. A Samaru, daga Hayin Dogo zuwa Ɗanraka har Zangon Shanu, akasarin mai neman tsohon gida lissafin ɗalibai yake yi. Ɗalibin yanzu ɗaki yake so mai banɗaki a ciki, da tayil, da ruwa a kusa, ga mita. Don haka mai sayen nan rushewa zai yi, ko aƙalla ya fasa rabin ginin. Kuma bai manta da 2022 ba, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, ɗakuna suka zauna a kulle, mai shago da mai abinci da mai gidan haya duk suka ji a jikinsu. Wannan tsoron yana cikin tayin da zai yi maka ko bai faɗa ba. A Sabon Gari kuma, in gidan na kusa da kasuwa ko yana bakin titi, shaguna da sito mutum yake gani. Sai rukuni na uku, ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai neman inda zai sa iyalinsa. Shi kaɗai ne zai ɗaga kai ya kalli silin, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya tambayi maƙwabta ko layin na cika da ruwa a watan Agusta.

To don Allah, mutumin da zai kawo lebura su rushe gida, me fentinka zai yi masa? Na ga magadan da suka ci bashi suka yi wa gida kwalliya ta dubban ɗaruruwa, aka sayar, kafin sati biyu gini ya zama tarin ƙasa. Kwalliya ba ta biya ko kuɗin sabulu ba. Da sun fara tambayar kansu wane irin mai saye ne wannan layin ke jawowa, da kuɗin nan na aljihunsu.

Ban ce a bar gida kaca-kaca ba. Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi kuma yana aiki. A kwashe tarkacen da aka tara shekara talatin, tsofaffin gadaje da buhuna da gawar babur. A share tsakar gida, a yashe kwata, a buɗe tagogi iska ta shiga, a kai awaki wani wuri ranar da za a zo dubawa. A zo da rana, kada a kawo mutum da magariba. In da 'yan haya a sanar da su tun da wuri, a ba su lokacinsu cikin mutunci, don babu abin da ke korar mai saye kamar ya shigo ya tarar da ɗan haya ya haɗe rai yana cewa shi bai san da zancen ba. A je a binciko bashin wutar da ke kan gidan, domin sau da yawa a kan gidan yake zama, sabon mai gida ne zai tarar da shi. Wannan duk tsafta ce da kyautatawa.

Inda nake da ja shi ne kwalliyar ɓoye aibi. Bango ya tsage tun daga tushe, a cusa siminti a shafe. Gara ta cinye katakon rufi, a buga sabon silin a ƙasa. Damina na tsatsowa ta ƙasan ɗaki, a jira rani a kira masu saye. Ginin ƙasa ne aka yi wa filasta, dillali ya rantse bulo ne. Jama'a, wannan algus ne, ko da gidan marayu ne. Duk wanda ya zauna gaban malam ya yi babin ciniki a Risala ya san hukuncin: in ka san aibi a kayanka wajibi ne ka bayyana, in ka ɓoye kuma mai saye na da haƙƙin dawo maka da abinka. Ko ta fuskar kasuwa ma wauta ce. Masu saye yanzu da magini suke zuwa, wani har da injiniya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da zarar ya kama ƙarya ɗaya, sai ya ɗauka komai ƙarya ne, ya zabge tayinsa ko ya juya. Amma ka ce masa, Alhaji, ginin ƙasa ne, kwanon ɗakin baya na yoyo, masai na gargajiya ne, ga kuɗinmu saboda haka. Wallahi ya fi saurin zama a yi magana. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, kowane mai saye da lissafin gyara yake shigowa, ba ka isa ka hana shi ba.

Abin da ya fi fenti tasiri nesa ba kusa ba shi ne takarda. Da yawan gidajen nan abin da ke hannun magada 'yar takardar ciniki ce da aka rubuta da biro tun zamanin su Kaka, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu da duk sun riga mu gidan gaskiya. Wasu ma ta ɓace, wasu tana akwatin wani yaya da ya ce ba zai fito da ita ba sai an yi yadda yake so. Alhali tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, kuma gidan da ke da shaidar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa mai shi a hukumance sai da amincewarsa. A jihar Kaduna, tun zamanin gwamnatin El-Rufai, harkar takardun fili ta koma hannun KADGIS. Mutanen Zariya kuma ba su manta da rusau ɗin da KASUPDA ta yi a unguwar Graceland a 2021 ba, kan taƙaddamar fili da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Tun daga nan mai kuɗi ya ƙara tsoro. Gida biyu a layi ɗaya, girma ɗaya, mai cikakkiyar takarda zai riga ɗaya tafiya kuma da daraja. Kuɗin da za a zuba a fenti, a kai shi wajen gyara takarda.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. Su wa suka yarda a sayar? Sau nawa muka ji an karɓi kafin alƙalami, an yi shaidu, sai ga wata 'yar marigayi da ke aure a Funtuwa ko Kano ta ce ita ba wanda ya tuntuɓe ta? Ko wani ɗa daga matar da aka rabu da ita tun da daɗewa? Daga nan sai kotu, kuɗin mai saye ya maƙale, gida ya yi baƙin suna, ba mai sake tayawa. Masu saye sun san wannan sarai, shi ya sa da an ce gidan magada ne wasu ke ja da baya. Babban wa ba shi ne mai gida ba don kawai shi ne babba. A zauna da kowa, mata da maza, a kira malami masanin rabon gado ko a je kotun shari'a a tabbatar da magada a rubuce, a biya bashin mamaci da wasiyyarsa, sannan a kira dillali. In wani cikin magada na da hali kuma yana so, shi ya fi cancanta a fara yi wa tayi. Shari'a ma ta san wannan, don in ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, sauran na da haƙƙin shuf'a, su karɓa a kan kuɗin da aka sayar.

Kuma kafin a ce an sallama, a ɗauki biro a yi lissafi a gaban kowa. Bari in ba da misali kawai. A ce bayan la'adar dillali da komai, abin da ya rage naira miliyan 24 ne. Marigayi ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata shida, iyayensa sun rasu. Tumunin matan miliyan 3 ne, su raba biyu, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Ragowar miliyan 21, kowane namiji miliyan 3, kowace mace miliyan ɗaya da rabi. Da aka ji miliyan 24 kowa ya washe baki. To ga tambaya: Hajiya, mai shekara saba'in, da ta shigo gidan nan tana amarya, ina za ta koma da miliyan ɗaya da rabi? Wane gida za ta saya da shi a Palladan ko Dogarawa ko Muciya? Ƙanwarku da aurenta ya mutu ta dawo da yara uku fa? Galibi sai an miƙa makulli ake tuna su, sai a fara zagaye da tsohuwa, wata uku a gidan wannan ɗa, wata uku a gidan wancan, tana kallon fuskar surukai. Na san rabo haƙƙi ne, kuma wanda ke cikin matsi ba a ce masa ya jira har abada. Amma akwai hanyoyi. Ana iya yanke ɓangaren da take ciki a sayar da saura in filin ya isa. Ana iya fara kama mata wuri kafin a sa gida a kasuwa. Masu hali cikin 'ya'ya na iya sayen kason masu buƙata, gida ya zauna. Duk wannan sai in an yi maganar tun farko, ba ranar da mai saye ya turo motar yashi ba.

Kan farashi kuma, mu rage jin zancen "gidan su wane an sayar miliyan kaza". Gidan su wane a bakin titin Sakkwato yake, naku sai an ajiye mota an taka. Wani dillalin da gangan zai hura muku kai don ku ba shi gidan, in an yi wata biyar shiru ya dawo yana cewa kasuwa ta faɗi. Ku ji bakin dillalai biyu ko uku, in da hali ku biya ƙwararren mai ƙiyasta kadara. Ku yanke la'ada tun kafin a fara, a rubuce, kuma kuɗi su shiga asusun da magada suka amince da shi, ba aljihun mutum ɗaya ba.

Ku ma masu saye ina da magana da ku. Wasunku tun ana zaman makoki kuke aiko dillali ya shinshino ko za a sayar. Wasu su shigo har tsakar gida, gaban matar mamaci, suna kushe gini da ƙarfi, wai ai wannan kango ne, duk don a karya kuɗi. Haba Alhaji. Tsohon gida ka zo saye, ba wanda ya ce maka sabon gini ne a GRA. Duba abin da za ka duba, ka fita waje ka yi tayinka, in an ce albarka ka ƙara ko ka tafi. In kuma ciniki ya faɗa, ka ba mutane wa'adin da za su kwashe kayansu a tsanake, ko da wata biyu ne ko uku, a sa shi cikin takardar cinikin kowa ya sa hannu.