Faifan waƙa mai tsantsar sauti: Taska ce ko hajar da kasuwarta ke watsewa?

A watan Satumban 2025 kamfanin Spotify, wanda ke kan gaba a harkar sauraron waƙa ta intanet, ya fara bai wa masu biyan kuɗin wata sautin da ba a matse shi ba. Apple Music ya riga shi yin haka tun watan Yunin 2021, ba tare da ƙara wa masu sauraro ko sisi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin LG ya daina ƙera na'urorin kunna faifan Blu-ray a ƙarshen 2024, sannan Sony ya dakatar da yin fayafayan Blu-ray da ake naɗar abu a kansu a watan Fabrairun 2025.

Waɗannan matakai sun jefa masu tara fayafayan waƙa a Japan da Turai da Amurka cikin tunani. Wasu sun shafe shekara ashirin suna zuba kuɗi a kan fayafayan SACD da DVD-Audio, waɗanda aka sayar musu da alƙawarin sauti mafi tsabta. Yanzu da wayar hannu ke kawo irin wannan sauti, mene ne ya rage wa faifan, kuma shekara nawa zai ƙara yi ana iya kunna shi?

Yadda aka faro

Sony da Philips ne suka fito da faifan CD a 1982. Yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, yana rubuta kowane samfuri da bit 16. An zaɓi wannan ma'auni ne domin ya wadatar da kunnen ɗan Adam, wanda iyakar siririn sautin da yake ji ba ta wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma tana raguwa da tsufa.

A 1999 kamfanonin biyu suka sake haɗa kai suka fito da SACD, mai amfani da tsarin DSD, wanda ke ɗaukar samfuri sau 2,822,400 a daƙiƙa, ninki 64 na CD ke nan, amma da bit ɗaya tak. Shekara guda bayan haka DVD-Audio ya shigo kasuwa da goyon bayan Panasonic da Toshiba da Warner, yana kaiwa samfuri 192,000 da bit 24. Dukansu suna iya raba sauti ga lasifika shida da ke kewaye da mai sauraro.

Sai dai sun zo a baƙin lokaci. A shekarar da aka fito da SACD ne Napster ya buɗe ƙofar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, a 2001 kuma Apple ya fito da iPod. Jama'a suka zaɓi waƙa dubu a aljihu, ko da sautin ya ragu. Rigimar tsarin biyu ta ƙara rikita masu saye, domin a farko na'urar wannan ba ta kunna faifan wancan. DVD-Audio ya dusashe cikin 'yan shekaru. SACD ya tsira saboda dabara guda: yawancin fayafayansa hawa biyu ne, ɗaya na DSD, ɗaya kuma na CD da kowace na'ura ke iya karantawa.

Shin kunne na jin bambancin?

Wannan ce tambayar da masu sayarwa ba su cika son a yi ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna wa mutane faifai mai tsantsar sauti, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage shi zuwa ma'aunin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. A gwaji 554, an dace da amsa sau 276, wato daidai da abin da canki-canka zai bayar.

An soki gwajin da cewa wasu fayafayan da aka yi amfani da su daga tsofaffin naɗi aka kwafo su. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 wuri guda, ya gano cewa akwai bambancin da ake iya ji, amma ƙarami ne: an dace da amsa kashi 52 cikin 100 da 'yar ɗoriya, kuma waɗanda aka horar sun fi dacewa. Ma'ana, mai sauraro a falon gidansa, ga fanka ga ƙarar janareta, da wuya ya ji abin da manyan lambobin da ke jikin kwalin suka yi masa alƙawari. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Inda darajar take

Duk da haka, Meyer da Moran sun amince cewa yawancin waɗannan fayafayai sun fi takwarorinsu na CD daɗin ji. Dalilin da suka bayar shi ne kulawar da ake yi wajen haɗa su. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni ke gasar ƙure ƙarar waƙa domin ta fito fili a rediyo da cikin mota, abin da ke kashe tazarar da ke tsakanin sauti mai laushi da mai ƙarfi. Faifan da aka yi domin ƙwararrun masu sauraro yakan tsira daga wannan, domin injiniya ya koma kan kaset ɗin asali na situdiyo ya kwafo shi a natse.

Ashe abin da mai tarawa ke saya shi ne aikin injiniya da ingancin kaset ɗin asali. Wata badaƙala ta tabbatar da haka a watan Yulin 2022, lokacin da ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya shafe shekaru yana bi ta tsarin DSD wajen buga fayafayan garmaho da masu saye suka ɗauka kai tsaye daga kaset aka yanko su. Mutanen da ke cewa kunnensu ba ya jure sautin kwamfuta sun daɗe suna yabon fayafayan ba su gane ba. Kamfanin ya amince da sulhun da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 25 a 2023.

Kaset ɗin asali kuma ba ya dawwama. Gobarar da ta tashi a harabar Universal da ke Kalifoniya a watan Yunin 2008 ta cinye wani rumbun ajiya, kuma a 2019 mujallar New York Times ta ruwaito cewa ɗimbin kaset na asali sun ƙone, duk da kamfanin ya musanta girman asarar. Duk waƙar da asalinta ya salwanta, kwafi mai kyau da aka yi kafin nan ya zama abin riƙo.

Sai batun mallaka. Mai biyan kuɗin wata haya yake yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairun 2022 mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify, bai mayar ba sai a Maris ɗin 2024. Wanda ke da faifan a gida bai san an yi ba.

Faifai ba na'ura

Babbar barazanar tana wajen na'ura. An kulle hawan DSD na faifan SACD yadda kwamfuta ba ta iya karanta shi, domin hana satar fasaha. Makullin da ya kare kamfanoni jiya shi ne ke neman shaƙe faifan yau. Rukunin farko na PlayStation 3 da ya fito a 2006 yana kunna SACD, amma Sony ya cire wannan dama daga waɗanda suka biyo baya. Oppo Digital, wanda na'urorinsa ke kunna kusan kowane irin faifai, ya sanar da daina ƙera su a watan Afrilun 2018. Kamfanoni irin su Marantz da Denon da Esoteric na ci gaba da yi, amma akasari masu tsada ne. Idon da ke karanta faifai yana gajiya da amfani, kuma kayan gyara na tsofaffin na'urori sai ƙara wuya suke.

Faifan garmaho bai da wannan matsala sosai, domin allura da injin juyawa kawai yake buƙata. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 da CD miliyan 33 a ƙasar, karon farko tun 1987 da garmaho ya wuce CD. A wannan shekarar, sauraro ta intanet ya kawo kashi 84 cikin 100 na kuɗin shigar masana'antar.

Makoma

Alamu na nuna faifan zai rayu, amma a ƙaramar rumfa. Japan ce cibiyarsa, inda har yanzu mutane ke shiga shago su sayi faifai, kuma Esoteric da Universal na can ke buga tsofaffin waƙoƙi a kan SACD da adadi ƙayyadadde. A Turai, kamfanonin kiɗan gargajiyar Turawa kamar BIS na Suwidin da Pentatone na Holan sun fitar da ɗaruruwa. Sai dai Apple ya saye BIS a watan Satumban 2023, abin da ke nuna inda kuɗi suka karkata. Manyan kamfanoni kuwa sun koma saka faifan Blu-ray cikin akwatunan tunawa masu tsada, kamar na Abbey Road na ƙungiyar Beatles da aka fitar a 2019.

Ga mai lissafin riba, faifan da aka buga kaɗan ya ƙare yakan yi tsada a kasuwannin intanet irin su Discogs da eBay. Amma tsadar ta rataya ne a kan ƙarancinsa, kuma ranar da kamfani ya sake buga shi ko ya ɗora kwafin a intanet, farashin na iya faɗuwa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano sun ga yadda cinikin kaset da CD ya watse da zarar tura waƙa a waya ya samu gindin zama.

Saboda haka mai saye zai fi samun kwanciyar hankali idan ya bincika daga wane kaset aka kwafo faifan da kuma wanda ya haɗa shi, ya zaɓi mai hawa biyu domin ko na'urar SACD ta mutu zai kunnu a ta CD, ya kuma sa kuɗin na'ura da gyaranta cikin lissafi. Faifan da aka saya domin a saurara zai biya kuɗinsa. Wanda aka ajiye cikin leda ana jiran ya yi tsada, makomarsa na hannun 'yan kamfanonin da suka rage suna ƙera abin kunna shi.