Ba a fafe gora ranar tafiya: kira ga direbobin hanyar Filinge

A cikin watan Fabrairun da ya shige, lokacin da ake haƙar dankalin turawa a garaken Imanan, ina komowa daga Filinge zuwa Yamai sai magariba ta riske mu a Bonkuku. Bayan mun yi salla mun ci abinci, muka tarad da wata a-kori-kura a bakin gari, an lafta mata buhunan dankali, an buɗe murfin injinta, mutane sun kewaye ta da tocila. Direban ya jera fitilu huɗu a bisa kan motar ban da nata na asali, kuma ya bar su duka a kunne wajen awa uku, inji a kashe, domin masu lodi su ga abin da suke yi. Da aka gama ya murɗa makulli, sai wata ƴar ƙara kawai aka ji. Turi ya faskara, gama mota mai kaya ba ta turuwa cikin rairayin dallol. Sai da aka sauke rabin buhunan. Mai dankalin kuwa, wani dattijo da ya yi wata uku yana ban ruwa, yana tsaye gefe ɗaya yana lissafin alkawarin da ya yi da ɗan kasuwa na isa Yamai da asuba.

A wannan dare dai, kafin mu kai Baleyara, wata mota ta tunkaro mu da wani farin haske mai kashe ido. Direbanmu ya yi mata alama sau biyu, ba ta rage ba. Da ta wuce sai ga amalanken jaki a gabanmu, ɗauke da kara, yaro yana bisa. Allah ne kaɗai ya tsare. Tun ranar nake ta tunani a kan abubuwan nan biyu, na kuma ga tushensu ɗaya ne: mun ɗauka ƙarfin fitila shi ne gani, mun manta da idon wanda ke zuwa, mun kuma manta da batirin da ke ciyar da ita.

Ba na musun hujjar direbobi. Hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Baleyara da Bonkuku ta kai Filinge, wajen kilomita 180 ce, kuma da dare babu haske a kanta sai na wata. Shanu da raƙuma na ƙetarawa, musamman a jajibirin kasuwar Baleyara da ke ci ran Lahadi, amalanke kuwa ba ya da fitila ko ɗaya. Duk wanda ya nemi ƙarin gani a irin wannan hanya yana da gaskiyarsa. Abin tambaya shi ne ta wace hanya za a same shi.

Dattawanmu suna tune da Peugeot 404 da 504 masu fitila rawaya. Wannan launi doka ce ta Faransa, wadda ta fara aiki a 1937, ba a kuwa soke ta ba sai a 1993. Bayan haka aka yi ta samun canji: ƙwan halojin da ake kira H4 ya fito a 1971, na zenon ya fara shiga motoci a 1991, yau kuma ga na LED ko'ina a tebur ɗin masu sayar da kayan mota. To, amma kowane irin ƙwai da irin gidan da aka ƙera masa. Madubin da ke cikin fitilar gaba an lanƙwasa shi ne domin ya tattara haske daga wuri guda, wato daga ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan, ya zuba shi a ƙasa, ya yanke shi kafin ya kai tsayin fuskar mutum. Idan aka cusa ƙwan LED ko na zenon a gidan da aka yi don halojin, sau da yawa hasken ba ya fitowa daga inda madubin yake jiransa. Sai ya watsu sama da gefe. Direba ya ga gaban motarsa ya yi fari fat ya yi murna, alhali nesa, inda saniya take tsaye, bai ƙaru da kome ba. Ranar da ƙurar hunturu ta taso kuwa, farin hasken nan komowa yake yi cikin idon mai shi.

Haka kuma akwai maganar saiti. Ƙa'ida ita ce gajerar fitila, wadda direbobi ke kira kod, ta sunkuya kamar santimita 10 a kowace mita 10. Gwada wannan ba ya bukatar injin turawa: a tsai da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, a auna tsayin fitilar, a duba inda hasken ya yanke. Amma a tuna, motar da aka saita babu kaya, in an ɗora mata buhu talatin bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, gajerar fitila ta koma doguwa. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zirga-zirga da aka sa wa hannu a birnin Biyana a 1968 ta wajabta wa direba ya rage fitila idan zai haɗu da wani. Ina amfanin ragewa idan ragaggen ma makantarwa yake yi?

Yanzu mu zo ga batir, mu yi lissafi irin na ƴan makaranta. Ƙwan H4 na asali yana cin wat 60 a doguwar fitila, 55 a gajera. Biyu ke nan suna jan wajen amfa 10. Wanda ya sa masu wat 100 ya kai amfa 16 ko fiye, a kan wayoyin da ba a yi su don wannan nauyi ba. Shi ya sa ake ganin soket ya narke, wani lokaci har wuta ta tashi. In ya ƙara fitilu huɗu masu wat 55 a bisa, ga wasu amfa 18. Batirin ƙaramar mota, mai lamba 60 a jikinsa, ba zai riƙe wannan ba fiye da awa biyu in inji na kashe, kuma tun kafin ya ƙare sarai zai kasa tayar da mota, domin tayarwa kaɗai tana neman ɗaruruwan amfa cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne LED ba ya cin wuta kamar halojin. Sai dai masu gaggawa sukan ɗaura shi kai tsaye a kan batir, ba fiyus, ba rele, bai bi ta makulli ba, a manta da shi a kunne, gari ya waye batir ya mutu.

Ƙasarmu ma ba ta sassauta wa batir. Tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin darma a 1859, halinsa bai sake ba: zafi ne babban maƙiyinsa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantansa a ɓoye, sa'an nan sanyin Disamba da Janairu ya tona asirin, daidai lokacin da dankali da sauran kayan garka suke bukatar mota. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12,6 in mota na kashe, da wajen 14 in inji na aiki. Idan bai kai haka ba inji na aiki, a duba dinamo da igiyar da ke juya shi kafin a zargi batirin. Idan irin mai murafu ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai. Ruwan rijiya, kome kyansa ga sha, yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata shi. A kuma kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tam.

In kuwa ƙaddara ta afka, a nemi taimako da hankali. Jar waya daga kai mai alamar tarawa na mataccen batir zuwa irinsa na mai rai. Baƙar waya daga kai mai alamar ɗebewa na mai rai zuwa wani ƙarfe na jikin injin matacciyar motar, nesa da batirin, saboda iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Kada a kusanto da taba ko ashana. Kada kuma a jona ƙaramar mota mai bolt 12 da babbar mota mai 24. Idan turi za a yi, a sa giya ta biyu. Mota mai sauya giya da kanta ba ta tashi da turi. Bayan ta tashi a bar ta ta yi tafiya mai tsawo, kada a kashe ta nan take.

Saboda haka shawarata ga ƴan'uwa direbobi ita ce a bi abin daki-daki. A fara wanke gilashin fitila, a sake madubin da ya dushe, a gyara wayoyin da suka tsufa, a saita haske a bango. Da yawa za su iske ganin da suke nema ya samu ba tare da sun kashe jaka ko ɗaya a kan sabon ƙwai ba. Wanda duk da haka yake son ƙarin fitila, ya kai wa gwanin mai wutar mota, a sa fiyus da rele, a haɗa ta yadda za ta mutu da zarar an koma gajerar fitila. Araha dai ba ta ado.

Ga hukuma kuma, muna roƙon ma'aikatar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER, da jandarmomi, da masu binciken lafiyar motoci, su riƙa duba saitin fitila kamar yadda suke duba takardu. Shugabannin ƴan tasha na Filinge da Bonkuku da Baleyara su keɓe bango guda a kowace tasha, su ja masa layin awo, su kuma tanadi wayoyin taimako da ma'aunin batir na kowa da kowa. Masu amalanke su ma a taimake su da ɗan kyalle mai ƙyalli da za su liƙa a baya. A shekarun nan da sha'anin tsaro ya yi wuya a jahar Tilaberi, ba wanda zai so mota ta mutu masa a daji da tsakar dare, da fasinja ko da dukiyar talaka a bayansa. A duba batir da fitila tun rana tana sama. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.